Hunturun da na yi ina bin minti casa'in

Ranar da na fara gaya wa Inna cewa na koma yin gudu, shiru ta yi a waya har na zaci layin ne ya yanke. Can sai ta ce, "Auta, me ya koro ka?" Ba zolaya take yi ba. A Funtuwa inda na tashi, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu ba ya fita titi da asuba yana sheƙa gudu haka kawai, sai in gobara ce ko an yi ihun ɓarawo. Na ce mata lafiya lau, likita ce ta ba ni shawara. Sauran maganar ban iya faɗa mata a ranar ba. An ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, ni kuwa nawa sa gudun ya zo ne a daminar 2022.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 61 hawan jini ya kayar da shi a bakin shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Shekara uku ya yi a kwance. Yaya ne ke ciccibarsa ya kai shi bayi, ya yi masa wanka, ya juya shi da dare. Ni ina Jamus, iyakata in tura kuɗin magani, in kira ta bidiyo in ga bakin nan da ya karkace yana ƙoƙarin kiran sunana. Bugu na biyu ya same shi da asuba. Ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aiki Yaya ya kira ni, kafin azahar har an kai shi makwancinsa. Ban ga gawarsa ba, ban tsaya a sahun sallarsa ba.

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne irin aikin da nake yi. Jinyar tsofaffi nake yi a wani gidan kula da su a kudancin Barlin, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke hannuna irin ciwon Baba ne ya kawo su. Da ƙarfe shida na safe nake karɓar aiki. In ɗaga mutum, in goge masa jiki, in aske masa gemu, in riƙe masa cokali. Abin da Yaya ya yi wa mahaifinmu shekara uku, shi nake yi wa iyayen wasu ana biyana. Akwai safiyar da nake yi wa wani dattijo aski, na tallabe ɓarin fuskarsa da ya saki, sai kawai na ga Baba. Na ajiye rezar na shiga bayi na yi kukan da ban samu na yi ba ranar rasuwar.

A farkon 2023 na je a duba ni saboda ciwon kai da ya ƙi barina. Awon jinina ya nuna 152 bisa 96, nauyina kilo 91, shekarata 37. Likitar ta tambayi tarihin gidanmu, na faɗa mata. Ta ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum, wadda har yau ban fasa sha ba, sannan ta ce in rage gishiri, in kuma nemi abin da zai riƙa sa ni haki sau uku ko huɗu a mako.

Gidanmu ba shi da nisa da filin Tempelhof. Tsohon filin jirgin sama ne da aka rufe a 2008, aka buɗe shi ga jama'a a 2010. Titunan saukar jirgin guda biyu suna nan yadda suke, kowanne ya kai kusan kilomita biyu, zagayen filin kuma wajen kilomita shida ne. Babu tudu, babu inuwa, babu abin da zai tare maka iska. A gefensa ta arewa akwai masallacin Turkawa mai hasumiya biyu inda nake yin Juma'a. Nan na fara, ina gudun minti ɗaya ina tafiyar minti biyu, ƙirjina kamar zai tsage. Ba zan tsaya ba da labarin wannan shekarar ba. Kilo 17 suka zube, kuma a watan Oktoba na 2024 na shiga wani ƙaramin tsere a bayan gari na rabin gudun fanfalaki, wato kilomita 21 da mita 97 da rabi, na gama a awa 1 da minti 38 da daƙiƙa 20.

Daga wannan ranar lamba ta shiga kaina. Na riga na yi rajistar babban tseren rabin fanfalaki na Barlin da za a yi ranar Lahadi 6 ga Afrilu, 2025, kwanaki kaɗan kafin in cika shekara 40, sai na ƙudurta cewa ƙasa da minti 90 zan gama shi. Minti casa'in, tsawon wasan ƙwallo ba tare da hutun rabin lokaci ba. Wanda ba ya gudu zai ga rage minti takwas da 'yan kai abu ne mai sauƙi. Lissafin kuwa ga shi: a Oktoba kowace kilomita na cinye ta a minti 4 da daƙiƙa 40. Domin in sauka ƙasa da casa'in sai na mayar da ita minti 4 da daƙiƙa 15, sau ashirin da ɗaya a jere, ba tare da na saki ko ɗaya ba. Daƙiƙa 25 ɗin nan a kowace kilomita su ne tsakanin gudun da kake iya amsa sallama a cikinsa da wanda ko haɗiye yawu sai ka yi shawara.

Akwai wata ƙaramar ƙungiyar masu gudu ta unguwa da nake bi ranar Talata da yamma. Mai horar da mu wani Bajamushe ne da ya haura saba'in, siriri, farin gashi, kullum da agogon dannawa a wuyansa. Ni Dattijo nake ce masa, har ya saba. Da na faɗa masa burina, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce abu ne mai yiwuwa amma ba lalle a bana ba, kuma in har zai yiwu to sai na yarda in yi yawancin gudun nan a hankali. Na gyaɗa kai. A zuciyata kuwa cewa na yi, ta yaya mai neman sauri zai same shi ta hanyar nawa?

Ni ɗan Funtuwa ne, garin da ko a ƙasar Hausa an san shi da sanyi, don haka na zo Turai ina ganin na san hunturu. Namu hunturun busasshe ne, ya fasa maka leɓe da dunduniya, ya bule ka da ƙura, amma da hantsi ya dubi ludayi rana za ta fito ka zauna a bakin zaure ka sha ta. Na nan jiƙaƙƙe ne, kuma abin da ya fi sanyin ciwo shi ne duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. In shiga aiki cikin duhu, in tashi ƙarfe biyu da rabi, in iso gida in yi azahar da la'asar kusa da juna saboda lokutansu sun matse, kafin in ɗaure takalmi magariba ta kawo kai. Filin Tempelhof kuma da faɗuwar rana ake rufe ƙofofinsa. Sau da yawa sai dai in bi bakin magudanar ruwan da ta ratsa unguwarmu, da fitila ɗaure a goshi da riga mai ƙyalli don masu keke su gan ni.

Sutura ma sai da na koye ta da wahala. Makon farko na jibga rigar auduga da suwaita biyu, na yi gumi, audugar ta shanye gumin ta riƙe, iskar filin nan ta buge ni, na dawo gida haƙorana suna kaɗawa. Wani abokin guduna ɗan Eritriya ne ya nuna mini yadda ake yi: 'yar shara mai kama jiki wadda ba ta riƙe gumi, wata marar nauyi a kanta, sai 'yar rigar tare iska. Safar hannu da hular da ta rufe kunne sun fi kowace suwaita amfani. Ya ce in na fito ƙofa ban ji sanyi ba, to kayan sun yi yawa, don bayan minti goma jiki zai hura wutarsa.

Nuwamba da Disamba na ɗaga nisan da nake yi a mako daga kilomita 45 zuwa 65. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne kowace fita sai na mayar da ita jarrabawa. Ranar da Dattijo ya rubuta mini kilomita goma a hankali, sai in yi ta a minti huɗu da rabi kowace kilomita, ina duba agogo kamar mai jiran sakamakon asibiti. In na ga lambar ta yi sama sai gabana ya faɗi. Yanzu da na waiwaya na san ba son tseren ne ke tura ni ba. Tsoro ne. Duk ranar da na yi gudu a hankali sai in ji kamar abin da ya kama Baba ya rage tazarar da ke tsakaninmu. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ni kaina ban sa masa suna ba a lokacin.

A ƙarshen Disamba wata irin kasala ta rufe ni, ƙasusuwana suna ciwo, barci ba ya isata. Gwajin jini ya nuna sinadarin bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai a jikina. Likitar ta yi mini bayani cewa daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfin da fata za ta iya haɗa shi, mu masu baƙar fata kuma abin ya fi tsananta a kanmu. Ta rubuta mini magani. Duk ɗan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen sanyi ina roƙonsa ya je a auna masa wannan, ko yana gudu ko ba ya yi. Mutanenmu da yawa suna fama da shi suna cewa gajiyar aiki ce.

Sai ga tsakiyar Janairu. Na tashi sallar asuba, na sauko da ƙafar hagu daga gado, na ji agarata ta riƙe kamar an ɗaure ta da waya. Na ɗingisa zuwa bayi, bayan 'yan mintoci ta saki, na ce ba komai. Kwana huɗu ina gudu a kanta. A na biyar, ana cikin zagayen mita dubu-dubu a filin motsa jiki, a zagaye na huɗu na ji kamar an soka mini allura a saman dunduniya. Dattijo ya ga yadda nake sauke ƙafar, ya daka mini tsawa in tsaya. Likitan fisiyo ya latsa wurin, ya ce jijiyar ba ta tsinke ba, amma an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Mako uku babu gudu. Ya ba ni aiki: in tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, in ɗaga da ƙafa biyu, in sauke dunduniyar mai ciwon a hankali har ta wuce bakin matakalar, sau 15, zagaye uku, safe da yamma. Ya yarda in riƙa tuƙa keken motsa jiki don kada numfashina ya zube.

Waɗannan makonni ukun su ne mafi muni, kuma ba a ƙafata munin ya tsaya ba. Na zama mutum mai saurin fushi a gida. Wani dare ina kan matakalar bene ina ƙirga goma sha biyar ɗina, uwargida ta fito ta tsaya a ƙofa da ƙaramar a kafaɗa. Ta ce, "Baban yara, in ka gama ina son magana." Da na shigo ta zaunar da ni. Ta ce tun Nuwamba ta lura na yi mata kishiya, kishiyar ma wadda ba a raba kwana da ita, kullum a ɗakinta nake. Ta ce ita ma duhun nan yana cinta, ita ma ba ta da uwa ko ƙanwa a garin nan, tana wuni da yara biyu tsakanin bango huɗu, in dawo daga aiki in sauya kaya in fice, in dawo in ci abinci ina kallon agogo. Sannan ta faɗi maganar da har gobe ba zan manta ba: "Ka ce kana gudu ne don ka daɗe tare da mu. To ga mu nan, yaushe za ka zo?"

Ban ba ta amsa ba don ba ni da ita. A daren nan na gaya mata abin da ban gaya wa Inna ba, labarin dattijon da nake yi wa aski, da yadda nake lissafa shekarun da suka rage mini in kai 61. Ta yi kuka, na yi. Ta tuna mini cewa kwana na Allah ne, jiki kuma amana ce, kula da shi wajibi ne amma ba shi zai sayo mini ko yini ɗaya a kan abin da aka rubuta ba. Na san wannan tun ina makarantar allo. Sai dai sanin abu daban, a faɗa maka shi a daren da kake buƙatarsa daban. Muka zauna da takarda muka raba mako. Ranar Alhamis da Asabar da yamma nata ne, ta fita wajen ƙawayenta ko ta huta, ni ina tare da yara. Gudu sau biyar a mako, ba shida ba.

Farkon Fabrairu na koma, kuma a wannan karon na miƙa wuya ga Dattijo. Ya ce daga cikin fita biyar, uku a hankali, minti biyar da rabi ko fiye a kowace kilomita. Ya yi mini bayanin dalili: gudun sannu shi ke ƙara wa zuciya yawan jinin da take turawa a kowane bugu, shi ke yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, kuma jijiya da ƙashi sun fi huhu jinkirin sabawa da wahala, shi ya sa mai gaggawa numfashinsa ke kai shi inda agararsa ba ta shirya zuwa ba. Ma'auninsa shi ne in iya yin magana cikakkiya ina gudu. Da yake ni kaɗai nake fita, sai na mayar da ma'aunin salatin Annabi. In na iya kai shi ƙarshe a bayyane ba tare da numfashi ya yanke mini shi ba, to daidai nake. In ya yanke, sai in rage. Na kifa fuskar agogon ta koma cikin hannu.

A nan ne, ba a wani wuri ba, na fara son gudu. A tsakiyar Fabrairu dusar ƙanƙara ta sauka, wayata ta nuna maki takwas ƙasa da sifili. Ranar ba ni da aiki, na shiga Tempelhof da buɗe ƙofa. Filin nan gaba ɗaya fari fat, ba kowa sai hankaki da wani mai yawo da kare can nesa. Ƙanƙarar tana ƙara a ƙarƙashin takalmina, tururin bakina yana daskarewa a gemuna, ina tafe ina salati. Kilomita 16 na yi, ban duba agogo ko sau ɗaya ba, kuma a karo na farko tun rasuwar na tuna Baba da ƙafafunsa, yana tafe gabana zuwa gona da sanyin safiya da fartanya a kafaɗa, ina bin sawunsa ina ƙoƙarin in taka daidai inda ya taka. Na yi masa addu'a har na fita daga filin.

Sauran fita biyun su ne masu zafi. Ranar Talata mita dubu sau shida a minti 3 da daƙiƙa 55, da ɗan sassarfa na minti biyu a tsakani. Ranar Juma'a ko cikin doguwar fitar Lahadi kuma in sa kilomita shida, daga baya takwas, daga baya goma, a daidai saurin da nake so ranar tsere, don ƙafa ta haddace shi. Ranar da titi ya yi santsin ƙanƙara, irin wadda ba a gani sai an taka, ba na yin mai zafi ko da an watsa tsakuwa a hanya, na riga na ga abin da mako uku ke ci. A cikin watan ne Jacob Kiplimo na Yuganda ya gudu wannan nisa a Basalona cikin minti 56 da daƙiƙa 42. Na kalli bidiyon tare da babban ɗana, na lissafa masa cewa lokacin da mutumin ya gama, ni ko kilomita 14 ban cika ba. Ya ce, "Abba, amma kai ma za ka gama ai." Na ce in sha Allahu.

A Asabar ɗin ƙarshe ta Fabrairu na gwada kaina a gudun kilomita biyar da ake yi kyauta kowace Asabar da ƙarfe tara a lambun Hasenheide. Na yi minti 19 da daƙiƙa 48. Dattijo ya duba ya ce wannan na nuna awa ɗaya da minti 31, ko 32. Na ce masa zan nemi casa'in ɗin duk da haka. Ya ce to, amma kada in ci bashi a kilomita biyar na farko.

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris, wato makonni biyar na ƙarshe kafin tseren, huɗu a cikinsu da azumi a bakina. Wasu a ƙungiyar sun tambaye ni ko zan ajiye azumin saboda horo. Na ce musu tseren ne zai bi azumi. Allah ya taimake ni ya faɗo a ƙarshen sanyi: ana shan ruwa wajen shida saura a farkon watan, shida da rabi da 'yan mintoci a ƙarshensa. Gudun sannu nakan yi shi minti arba'in kafin magariba, in auna yadda zan ƙare a ƙofar masallaci daidai kiran salla, dabino uku da gorar ruwa suna aljihun rigata. Mai zafi kuwa ba ya yiwuwa da ƙishirwa, sai na mayar da shi bayan asham. In sha ruwa da dabino da kofin kunun gyada, in yi salla, in fita wajen ƙarfe tara da rabi, in dawo sannan in ci abinci mai nauyi. Doguwar fita ta kilomita 20 ma da dare na yi ta sau biyu, gari tsit, ina bin hasken fitilun titi.

Barci ne ya sha wahala. Ranar da nake da aikin safe, tsakanin dawowa daga gudu da tashi sahur bai fi awa huɗu ba. Mako na biyu na ga bugun zuciyata na hutu ya ƙaru, ƙafafuna sun yi nauyi, sai na soke fita ɗaya da kaina ba tare da kowa ya ce mini ba. Mutumin da nake a Disamba ba zai iya yin haka ba. Goman ƙarshe kuma ta zo daidai lokacin da ake rage horo don jiki ya huta kafin tsere, sai na samu dararen na tsaya tahajjud. Aka yi salla ranar Lahadi 30 ga Maris, a daren da aka tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya. Mako guda cif na samu ina ci ina sha da rana.

Ranar tseren gari ya waye da rana amma da sanyi mai cizo da iska. Mutane dubbai sun cika babban titin da ya ratsa lambun Tiergarten. Na rubuta lambobi huɗu a bayan hannuna da biro: 21:15, 42:30, 1:03:45, 1:25:00, lokacin da ya kamata in wuce kilomita 5, 10, 15 da 20. Na yi bismilla, aka sake mu bayan ƙarfe goma kaɗan.

Cunkoso ya ci mini farko. Ina ta kewaye mutane, na wuce kilomita biyar a 21:32, daƙiƙa 17 a baya. Zuciyata ta ce in rama yanzu, na tuna maganar bashi, na riƙe kaina. Muka wuce fadar Charlottenburg, muka hau dogon titin kantunan nan na yammacin gari, masu ganguna a gefe, ƙafata ta samu waƙarta. Kilomita goma 42:41. Kilomita sha biyar 1:03:58. Saura daƙiƙa 13 kawai in cimma abin da ke rubuce a hannuna, kuma ko a haka ina cikin casa'in, don lissafin nawa ya bar rarar daƙiƙa 20. A wajen na yarda har cikin raina cewa na samu.

Daga ta sha bakwai abin ya juya. Muka karya wata kwana iska ta tare mu gaba da gaba, sha-raɓata ta dama ta fara tsukewa, cinyoyina suka zama kamar an cika su da yashi. Ina ba ƙafa umarni tana jin rabi. Agogo ya nuna 4:22, ta gaba 4:25. Na manne a bayan wani dogon mutum don ya tare mini iska, ya tafi ya bar ni. Ba abin da ke bakina sai ya Hayyu ya Ƙayyum. Na wuce kilomita ashirin a 1:25:44, na san sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na hango Ƙofar Brandenburg, tsohuwar ƙofar tarihi da ke tsakiyar Barlin, a ƙarshen titi, na zuba duk abin da ya rage. Wanda bai sani ba yana zaton a ƙofar ake gamawa, alhali akwai sauran 'yan mitoci ɗari a bayanta. A cikinsu na ji muryar uwargida tana kiran "Baban yara!" da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi a bainar jama'a ba.

Na danna agogo: 1:30:27.

Ba zan ce ban ji ciwo ba. Na dafa shingen ƙarfe na sunkuya, hawaye suna zuba, wata mata tana rataya mini lambar ƙarfe a wuya tana taya ni murna. Minti takwas saura kaɗan na rage a hunturu ɗaya, amma a wannan lokacin daƙiƙa 27 kawai nake gani, kuma na san inda kowaccensu ta faɗi, wasu a cunkoson farko, wasu a iskar nan, mafi yawansu a makonni ukun Janairu da na jawo wa kaina. Abokina ɗan Eritriya ya same ni yana tsalle, ba don nasa lokacin ba: Amanal Petros, wanda aka haifa a ƙasarsu amma yake gudu da sunan Jamus, ya gama a minti 59 da daƙiƙa 31, Bajamushe na farko da ya sauka ƙasa da awa ɗaya. Dattijo ya zo ya kama kafaɗata ya karanta agogona, ya ce hasashensa ya kuskure da rabin minti, sannan ya tambaye ni agarar. Sai a lokacin na lura ko sau ɗaya ba ta yi mini magana ba. Ya ce in huta mako biyu, akwai wani tseren a kaka.

Da yamma, bayan na yi wanka na ci tuwon da uwargida ta tuƙa tun safe, na kira gida. Yaya ya kai wa Inna wayar. Na nuna mata lambar, na yi mata bayanin casa'in da daƙiƙa 27, tana ta kallona. Da na gama ta ce, "Auta, jinin fa?" Na ce da sauƙi. Ta ce a'a, in auna tana gani. Babban ɗana ya ɗauko na'urar daga kan firji, na ɗaura a dantse, muka yi shiru mu duka har Funtuwa muna jin tana hura iska. Ta tsaya a 124 bisa 79. Na juya mata fuskar na'urar, Yaya ya karanta mata lambobin ya ce daidai yake. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta yi wa Baba addu'a muka shafa, sannan ta ce in miƙa wa jikokinta wayar.